Wasiƙa daga Beijing

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Kilishin ya iso, bai kwana uku ba.

Ka tambaye ni yadda aka yi hayaƙin garin nan ya lafa, kai da ka zo a 2013 ka koma gida da tari. To, yanzu da safe ina hango duwatsun yamma daga tagar ɗakina. A shekarar da ka zo, ma'aunin ƙurar nan mai shiga huhu, PM2.5, ya kusa 90. A 2021 ya sauko 33.

Wani malaminmu ya ce in daina kallon bututun masana'anta, in kalli wanda ke kan kujera. Shekara da shekaru, shugaban gunduma a nan ba ya samun ƙarin girma sai tattalin arzikin yankinsa ya haɓaka. Ofishin muhalli kuwa a ƙarƙashinsa yake, shi ke biyan albashi. Wane jami'i ne zai rufe kamfanin ƙarfen da maigidansa ke tinƙaho da shi? Sai a 2016 aka fara mayar da aikin sa ido kan muhalli hannun larduna, waɗanda ke sama da gundumomi.

Akwai kuma batun ɗan gari. Tun zamanin sarakuna Sinawa ba sa tura mutum ya mulki mahaifarsa, har yau ma ba a ba mutum shugabancin gundumar da ya tashi. Na gane dalilinsu. Ɗan gari kunya ke ɗaure shi: mai kamfanin abokin karatunsa ne, ko surukinsa, an ci tuwo kwano ɗaya. Amma ni ina da ja. Ɗan gari ai mahaifiyarsa daga rijiyar nan take sha. Baƙo kuwa ya yi 'yan shekarunsa ya tattara komatsansa, dagwalon ya bar wa masu gari. Mun kai dare muna musu da malamin, ba wanda ya sauka.

Inda ba mu saɓa ba shi ne ilimi. Chen Jining masanin muhalli ne, ya shugabanci Jami'ar Tsinghua, ya zama ministan muhalli a 2015, magajin garin Beijing a 2017. Huang Runqiu, masanin duwatsu da ke riƙe da ma'aikatar a Maris 2021, ya dira Tangshan, birnin masana'antun ƙarfe, ba sanarwa, ya tarar da kamfanonin ƙarfe huɗu sun ƙi rage aiki kamar yadda aka umarta, suna kuma shirya bayanan bogi. Wanda ya iya karanta alƙaluman na'ura, da wuya a yi masa rufa-rufa.

Muna wannan hirar Challawa ta faɗo min a rai, da ruwan majemun nan da ke gangarawa kogi, masu lambu na ban ruwa a ƙasa. In ka bi ta Panshekara, don Allah ka duba min ko har yanzu sai an toshe hanci.

Ka gaida Malam. Shayinsa na nan tafe da sallah, in sha Allah.

Naka har kullum.