Wasiƙa ga Edita: Idan sauti ya ɗauke a kwamfutar kwaikwayo, kada a yi gaggawar goge ta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata matsala da ta yawaita a hannun ɗalibai da ma'aikatan ofis da masu gyara, wato ɗaukewar sauti a kwamfutar kwaikwayo, wadda ake girkawa a cikin wata kwamfutar ta hanyar manhajoji irin su VirtualBox da VMware da Hyper-V. Ni malamin koyar da kwamfuta ne, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin maganin da nake gani ana yi wa wannan matsala. Da zarar an ce babu sauti, sai mai gyara ya ce a goge komai a sake girkawa. Mutum ya rasa fayilolinsa, ya ƙona data wajen sauko da manhajoji, ya biya kuɗin aiki, sannan a kunna a tarar shirun yana nan daram, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dalili kuwa shi ne, galibi laifin ba ya cikin abin da aka goge.

Masu fuskantar wannan matsala ƙaruwa za su yi. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da sabon firosesa, abubuwan da tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa da muke amfani da su ba su da su. Wannan ya sa wasu suna komawa Linux, su ajiye Windows a cikinta saboda wata manhaja guda da ba za su iya rabuwa da ita ba, wasu kuma suna kan Windows suna girka Ubuntu, wani nau'in Linux, a ciki domin karatu.

Abin da ya wajaba a fahimta tun farko shi ne, kwamfutar da ke ciki, wadda ake kira baƙuwa, ba ta da katin sauti nata na kanta. Manhajar da ta ɗauke ta ce take ƙirƙira mata katin kwaikwayo, ta karɓi sautin da ta fitar, ta miƙa shi ga kwamfutar ainihi, wato mai masauki, ita kuma ta aika shi zuwa lasifika. Ke nan sauti yana ratsa tashoshi uku kafin ya iso kunne, kuma a kowace tasha yana iya maƙalewa. Wanda ya goge baƙuwa ya taɓa tasha ɗaya ce kawai cikin ukun, ita ce kuma ta fi tsada wajen gyara. Saboda haka nake ba da shawara a fara bincike daga waje, a riƙa shiga ciki sannu a hankali.

A fara da mai masauki. A kunna wani karatu ko labarai a kanta, a tabbatar ita kanta tana magana. Idan tana magana, a buɗe mahaɗar ƙarar sauti ta Windows, inda kowace manhaja take da nata ma'aunin, domin sau da yawa za a tarar ma'aunin VirtualBox ko na VMware ne kaɗai aka sauke ƙasa ko aka kulle, kuma Windows tana riƙe wannan saitin ko da an kashe kwamfuta an sake kunnawa. Sannan a duba inda sautin yake fita. Idan an jona allo ko majigi da wayar HDMI, Windows tana iya mayar da sauti can, kuma allon da ba shi da lasifika zai haɗiye shi ba tare da wata alama ba. Na ga wannan a ɗakin karatu: ma'aunin sauti yana ta motsi sama da ƙasa, koren layinsa yana rawa, ɗalibai sun yi tsit suna jira, ashe duk sautin yana tafiya cikin majigin da ke rataye a silin. Haka nan idan an haɗa abin sauraro na Bluetooth bayan an riga an tayar da baƙuwa, wani lokaci ba za ta bi shi ba sai an kashe ta an sake tayar da ita.

Tasha ta biyu ita ce ta fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne na fi samun laifin. Kafin a taɓa komai, a kashe baƙuwar kashewa ta gaskiya. Da yawa daga cikinmu, saboda yawan ɗaukewar wutar lantarki, mun saba da ajiye ta a yadda take mu rufe, domin mu ci gaba daga inda muka tsaya. Wannan dabara ce mai amfani, sai dai muddin tana cikin wannan hali VirtualBox ba za ta bari a canja katin sautinta ba, za a ga wuraren zaɓin sun dushe ba sa karɓar dannawa. Bayan an kashe ta, a adana halin da take ciki da abin da manhajar ta tanada don haka, wato snapshot, ta yadda idan gyara ya ɓaci za a iya komawa baya cikin minti ɗaya.

A shafin saitin sauti na VirtualBox akwai abubuwa uku da za a duba. Na farko, a ga cewa an kunna sautin baki ɗaya, an kuma kunna fitarsa, domin maɓallansu daban ne. Na biyu shi ne direban mai masauki, wato hanyar da manhajar za ta bi ta miƙa sauti waje: DirectSound ko Windows Audio Session a kan Windows, PulseAudio ko ALSA a kan Linux, Core Audio a kan Mac. A cikin jerin akwai wani mai suna Null Audio, wanda aikinsa shi ne ya nuna wa baƙuwa cewa tana da kati, ya karɓi sautin ya zubar. Idan shi aka zaɓa, komai a cikin baƙuwa zai nuna lafiya lau, amma ko ƙwaƙƙwaran motsi ba za a ji ba, kuma ko sau goma aka sake girka Windows haka abin zai zauna. Wannan yana yawan faruwa ga kwamfutar kwaikwayo da aka kwafo daga wata na'urar, misali malami ya shirya ta a kan Linux ya raba wa ɗalibai masu Windows a filashi, sai ta zo da saitin da bai dace da sabon masaukinta ba.

Na uku shi ne nau'in katin da ake kwaikwaya, kuma VirtualBox tana da guda uku: SoundBlaster 16, da ICH AC97, da Intel HD Audio. Kowannensu na zamaninsa ne. SoundBlaster 16 katin kamfanin Creative ne na shekarar 1992, ya dace da DOS da Windows 95 da 98. AC97 tsarin Intel ne na 1997, kuma Windows XP ta zo da direbansa a cikinta. HD Audio ya fito a 2004 ya maye gurbinsa, shi ne kuma Windows ta san shi kai tsaye tun daga Vista har zuwa 11. Idan aka ba Windows 10 mai bit 64 katin AC97, ba ta da direbansa, sai ta ɗora jan kuros a kan alamar lasifika ta ce ba a girka na'urar sauti ba. Maganin bai wuce a kashe ta, a mayar da katin HD Audio, a sake kunnawa ba. Ita kuwa Linux ta san AC97 da HD Audio duka, saboda haka idan ɗaya ya ƙi, babu laifi a gwada ɗayan. Ina so in ja hankalin masu gyara a nan, cewa ƙarin manhajar nan ta Guest Additions, wadda ake yawan cewa a sake girkawa, aikinta ya fi shafar allo da linzami da musayar fayiloli. Yana da kyau a girka ta, amma ba ita ce take kawo direban katin sauti ba.

A VMware maganar gajeriya ce. A duba cewa akwai katin sauti a jerin kayan baƙuwar, an kuma sa alamar a jona shi lokacin tayarwa. Idan manhajar ta kasa samun na'urar sautin mai masauki a lokacin da take tashi, takan cire katin ta ci gaba da aiki, sai mutum ya koma jerin na'urorin da ake cirewa ya sake jona shi da hannunsa.

Hyper-V kuwa al'amarinta daban ne, kuma rashin sanin hakan ya wahalar da mutane da dama. Ita ba ta kwaikwayon katin sauti ko kaɗan. Sauti yana zuwa ne ta hanyar ingantaccen zama, wato Enhanced Session, da aka shigo da shi tun Windows 8.1, wanda yake amfani da tsarin nan na sarrafa kwamfuta daga nesa. Dole a kunna shi a saitin Hyper-V, sannan a lokacin haɗawa a zaɓi a kunna sauti a wannan kwamfutar. Baƙuwa mai Windows Home ba ta karɓar irin wannan zama, baƙuwa mai Linux kuma sai an girka mata xrdp, wato manhajar da ke ba ta damar karɓar wannan sarrafawa daga nesa, tare da ɓangarensa na sauti. Duk wanda ya je neman katin sauti a jerin kayan Hyper-V zai ɓata yininsa ne a banza.

Sai an gama da waɗannan ne ya kamata a shiga cikin baƙuwar. Idan Windows ce, a buɗe Device Manager, inda ake ganin jerin na'urorin kwamfutar, a duba ko akwai na'ura mai ɗorawar alama a gefenta, domin wannan ne yake nuna rashin direba. Sannan a duba hidimomi biyu, Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder, a tabbatar suna gudana. A Windows Server hidimar sautin ba ta tashi da kanta, sai an kunna ta, abin da ɗaliban da ke koyon kula da sabar ya kamata su sani. Idan Linux ce, umarnin lspci zai nuna ko ta ga katin, umarnin aplay -l kuma zai nuna ko ALSA ta karɓe shi. A cikin alsamixer, duk layin da aka ga haruffan MM a ƙarƙashinsa a kulle yake, danna harafin M ne yake buɗe shi. Idan saitin sauti ya nuna Dummy Output kaɗai, ma'anarsa tsarin bai sami kati ba, sai a koma tasha ta biyu. A kuma lura da shekarun shawarar da aka samo a intanet, domin Fedora, wani nau'in Linux, ta bar PulseAudio ta koma sabon tsarin sauti mai suna PipeWire tun fitowarta ta 34 a 2021, Ubuntu ma ta bi sahu daga 22.10, don haka umarnin da aka rubuta domin PulseAudio shekaru goma da suka wuce ba lallai ne ya yi aiki a yau ba.

Akwai kuma halin da sauti yake fita amma yana karkarwa yana yankewa. Wannan yawanci alamar gajiyar mai masauki ce. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗebi dukkan ƙwayoyin firosesa da mafi yawan ram a ba baƙuwa, da tunanin za ta ƙara sauri, alhali mai masauki ce take isar da sautin, kuma idan ba a bar mata abin aiki ba dole ta riƙa yin tuntuɓe. Rabin ƙwayoyin ya wadatar. Idan an ga hoton koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, to tana gudana ne a kan Hyper-V, abin da yake rage mata sauri ƙwarai. Ana iya kashe Hyper-V da kariyar ƙwaƙwalwar da ta dogara da ita, amma ina ganin bai kamata mai gyara ya yi haka ba sai ya gaya wa mai kwamfutar cewa tsaronta zai ragu. Daidaita saitin ingancin sauti na baƙuwa da na mai masauki, su zama Hz 48,000 ko 44,100 gaba ɗaya, shi ma yakan taimaka. Game da makirufo, VirtualBox tana barin shigar sauti a kashe har sai an kunna, kuma dole Windows ta mai masauki ta ba manhajar izinin amfani da shi.

Ranka ya daɗe, wani zai iya cewa sauti ƙaramin abu ne, ana iya aiki ba tare da shi ba. Ga 'yan'uwanmu makafi da masu raunin gani ba haka ba ne. Su da kunne suke sarrafa kwamfuta, ta hanyar manhajojin da ke karanta musu allo, irin su NVDA da Narrator a Windows, da Orca a Linux. Idan sauti ya ɗauke a baƙuwa, ɗalibi makaho ba shi da hanyar sanin ko ta tashi, ko tana jiran kalmar sirri, ko ta tsaya a kan wani saƙon kuskure, kuma ba zai iya bin matakan da na lissafa a cikinta ba sai da taimakon mai gani. Wannan ne ya sa nake kira ga cibiyoyin koyar da kwamfuta da su gwada sautin kowace kwamfutar kwaikwayo kafin su miƙa ta ga ɗalibi, su kuma ajiye ɗan ƙaramin katin sauti na USB, irin wanda ake samu da araha a shagunan kayan kwamfuta. Ana iya miƙa shi kai tsaye ga baƙuwa, ta riƙe shi a matsayin nata, sauti ya fita ba tare da ya bi ta katin kwaikwayo ko tsarin mai masauki ba. Tun daga VirtualBox 7.0 ta shekarar 2022 ba a buƙatar girka ƙarin manhajar Extension Pack domin USB 2.0 da 3.0, sai dai idan mai masaukin Linux ce, dole a sa mai amfani a rukunin vboxusers kafin na'urar ta bayyana. A kuma yi wa katin rajista a saitin USB na baƙuwar, domin ta kama shi da kanta duk lokacin da ta tashi, ɗalibin ya danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter, Narrator ya fara yi masa magana ba tare da ya jira kowa ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani malamin koyar da kwamfuta,
Kano.