Zuwa ga aminina, kan rasuwar Kawu

Assalamu alaikum. Ta'aziyyarka ta iso, Allah ya ba da lada. Ya sanyin Ingila, ya iyali?

Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa game da Kawu, wai ya ga alamun mutuwarsa kafin ya cika. A gabana aka yi. Ranar Talata ya sa aka kira mai shagon bakin layi, ya biya shi bashin sukari da ganyen shayi, ya damƙa wa Inna makullin akwatinsa. Daren Alhamis ina riƙe da kofin kunu, sai ya ƙura wa ƙofa ido, ya ce in matsa in ba Hajiya wuri. Hajiyar kuwa mahaifiyarsa ce, ta haura shekara 30 a ƙasa. Ko gezau bai yi ba, har da murmushi. Da asuba ya cika.

Ka ce Turawa na lissafa irin wannan cikin baiwar gane-gane, har ka kawo mini Osis da Haraldsson, waɗanda suka tattara shaidar likitoci da nas-nas a Amurka da Indiya kan abin da masu gargara ke gani, suka wallafa a 1977. Na yarda abin na faruwa ko'ina. Amma don Allah kada ka haɗa mini Kawu layi ɗaya da masu duba. Mai duba nema yake yi, ya buga ƙasa, ya karɓi kuɗi. Kawu bai nemi komai ba, zuwa masa abin ya yi, sau ɗaya tak, yana kan gargara. Kuma bai ambaci rana ba, balle ya yi karo da ayar ƙarshen Suratu Luƙman, mai cewa ba ran da ya san abin da zai aikata gobe ko ƙasar da zai mutu. Jikinsa ne ya ba shi. Ka tuna Manzon Allah (SAW) ya raɗa wa Nana Faɗima cewa Jibrilu ya yi masa bitar Alƙur'ani sau biyu a shekarar, yana ganin ajali ya matso.

Likita ya ce ƙodarsa ta daina aiki, datti ya taru a jini, wannan kan kawo magagi. Ban ƙaryata shi ba. Ga kuma Goggo, sau uku tana tara mu ta yi wasiyya, jiya ma goro ta aike ni saye. Ita ba mai ba da labarinta.

Mun buɗe akwatin ranar sadakar uku. Likkafani ne a naɗe, da takardar gonar nan ta bakin rafi. In ka shigo da Sallah sai mu je ka gaida Inna, tana ta cigiyarka.

Naka har kullum.