Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Hawan Keke

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, dattawa da 'yan'uwa mambobi, ga abin da shekarar nan ta ƙunsa daga teburin sakataren kuɗi.

An yi taron wata-wata da fitar safiyar Asabar kamar yadda aka saba. Fuskokin da ake gani dai su ne ake ta gani.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne bitar saita mitar keke, wato na'urar da ke nuna nisan tafiya, wadda muka yi a Asabar ɗin da ta biyo bayan Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni. Kun san gardamar da ta jawo ta. A tashi tare, a dawo tare, amma mitar wannan ta ce kilomita 40, ta wancan 42, wani kuma ya rantse 25 kawai muka yi. Da aka duba, mai 25 ɗin tasa a kan mil take, ga shi mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Sauran kuwa sun ɗaura mitar ne kawai, ba su taɓa shigar da kewayen tayarsu ba. Ita wannan na'ura ba ta san hanya ba. Maganaɗisun da ke jikin wayar wili take ƙirgawa duk sa'ad da ya gifta, ta ninka da lambar da ka ba ta. Taya mai girman 700x25C lambar kewayenta milimita 2105 ce, ta 26x1.95 kuma 2050. Mai tayar inci 26 ɗin da ya bar lambar 2155 da ya tarar a mitarsa, duk kilomita 100 sai an yi masa gyaran biyar, yana ta cika baki a WhatsApp.

Ba mu tsaya ga jadawalin lambobin taya da ke zuwa a kwalin mitar ba. Kowa ya buga wa tayarsa iska, aka juyo bawul ƙasa, aka yi alama da alli a kan siminti. Mai keken ya hau, aka tura shi har bawul ya sake dawowa ƙasa, aka auna tsakani da tef. Nauyin mutum yana danne taya, shi ya sa dole mai ita ya hau. Mitocin da aka ce sun mutu ma an tashe su. Wasu batir CR2032 kawai suke nema, wasu maganaɗisun ne ya yi nisa, aka matso da shi bai wuce milimita 5 ba. Asabar ɗin gaba da muka fita hanyar Wudil, lambobin suka zo kusan ɗaya. Allah ya saka wa bakanikenmu da alheri, ko sisi bai karɓa ba.

Sai maganar da ba na son yi. Fiye da rabin mambobi ba su kammala kuɗin wata ba. Na kira, na tura saƙo, har shaguna na bi, amsar dai "sai ƙarshen wata". Masu tambayar ina rigunan ƙungiya, telan ya ce ba zai yanka yadi ba sai ya ga rabin kuɗinsa, kuma bai yi laifi ba. Mitar GPS da aka amince a saya wa jagoran tafiya, kafin a tara abin da aka yi alkawari farashi ya gudu ya bar mu. Kuɗin yana asusu, duk mai shakka ya zo ya duba littafi. Tafiyar Tiga ma motar rakiya ce ta gagara, don ana saura kwana biyu wasu suka fara tambayar nawa ne, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin haushin, waɗanda ba su zo bitar ba su ne yanzu ke aiko mini da hoton mitarsu tsakar dare, wai in faɗa musu maɓallin da za su danna. Za a maimaita ta bayan Sallah, amma kwamiti ya yanke cewa sai mai rasit. Wanda ake bi ya same ni kafin taro na gaba, ya taho da littafin mitarsa in bai yar ba.

Sakataren Kuɗi