Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsinar Maraɗi Kan Yaran Da Ke Riƙo A Hannun Dangi

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Bayan gaisuwa da ban girma, mu limamai, malaman makaranta da masu riƙon marayu na unguwannin Bagalam, Maradawa, Zariya da Sabon Gari muna kawo kuka a kan riƙon da ake ƙullawa da fatar baki, babu takarda.

Yaron da uwarsa ta rasu, ko ta kamu da taɓin hankali, ko ubansa ya tafi ci-rani ya yi shiru, kaka ce ke ɗaukarsa, ko inna, ko goggo. Tun 2019 da ƴan bindiga suka addabi yankunan Madarumfa da Gidan Runji, an ƙara samun irin waɗannan yara a cikin gari. Mai riƙo ta ciyar, ta tufatar, ta yi jinya shekara biyar ko shida. Ranar da yaro ya kai bakwai, dangin uba su zo su ce al'ada ta ba su. Sau da yawa lokacin ne yarinya ta isa ɗaukar talla, ko kuma akwai gona a gadonta. A gaban alƙali mai riƙon ba ta da abin nunawa sai shaidar maƙwabta, su kuwa ba sa son shiga rigimar dangi.

Shari'a ba ta bar ta hannu wofi ba, sani ne ya yi ƙaranci. A mazhabar Malikiyya, bayan uwa, reno na komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwa, kafin a zo kan uba. Namiji har ya balaga, mace har ta tare. Ciyarwa kuma tana kan uba ko a hannun wa yaron yake. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara tun 1990, wadda ta sa maslahar yaro gaba. Dokar 20 ga Nuwamba 2014 kuwa ta ba alƙalin yara ikon ɗaukar matakin kariya ga yaron da lafiyarsa ko tarbiyyarsa ke cikin haɗari, har ya danƙa shi ga wani amintacce.

Inda ake faɗuwa shi ne takardu. Ana da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, shekarunsa ma abin gardama ne, kuma ba zai zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ba. Takardar mutuwar iyaye ita ma ba a yankarta, ga shi in babu ita ba a tabbatar da taron dangi a kotu, balle a naɗa mai kula da dukiyar maraya.

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya umarci masu unguwa su buɗe littafin riƙo. A rubuta sunan yaro da na iyayensa, wanda ya karɓa, dalili, ranar karɓa, wanda zai ɗauki nauyin abinci da magani da makaranta, da shaidu biyu, ɗaya daga ɗakin uwa, ɗaya daga ɗakin uba. Duk sulhun da aka yi a fada a kan riƙo a rubuta shi, kowa ya sa hannu, a kai babbar kotun Maraɗi ta tabbatar. Abin da maraya ya gada, gona ko ɗaki ko bisashe, a ƙidaya shi a gaban liman tun ranar farko.

Roƙonmu mafi nauyi: inda aka ga tabon duka, ko yunwa, ko alamar fyaɗe, kada a yi sulhu a zaure don rufin asirin gida. Mai riƙo ma tana iya zama mai cutarwa, an san ƴan riƙon da aka mayar kamar bayi. Mai unguwa ya kai yaron likita a ranar, a karɓi takardar shaida, a sanar da ma'aikatan kare yara da alƙalin yara.

Muna kuma fatan fada ta nemi alƙalai su fito zaman yanke takardun haihuwa a cikin unguwanni, a fara da yaran riƙo.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Talakawanka masu biyayya, waɗanda sa hannunsu ke biye.