A Dawo da Kalangu Wajen Tunawa da Makaɗanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da masu shirya bukukuwan tunawa da makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Niyyarsu mai kyau ce, Allah ya saka musu. Amma yadda ake gudanar da abin yanzu yana damuna ƙwarai, domin ana tara jama'a da sunan Shata ko Ɗanƙwairo, a karɓi kuɗin tikiti, sannan a tashi taro ba a ji an taɓa fatar ganga ko sau ɗaya ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma ina cikin waɗanda Allah ya nufa suka ga Alhaji Mamman Shata da idonsu yana tsaye gaban makaɗansa. Wanda bai gani ba zai ɗauka murya ce kaɗai sirrin mutumin. Ba haka ba ne. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, ya saki, sautin ya hau ya sauka daidai da karin harshen Hausa, har ka ji gangar tana faɗin abin da Shata zai faɗa kafin ya buɗe baki. 'Yan amshi suna riƙe da gindin waƙa, suna ba shi sararin numfashi da na tunani. Shi kuwa yana kallon fili, duk wanda ya shigo ya saka shi cikin waƙar nan take, da garinsu da sana'arsa da kyautar da ya taɓa yi masa. Saboda haka ne waƙa ɗaya za ka ji ta a Funtuwa, ka sake jin ta a Kano, ka tarar ɗiyanta sun canja. Wannan ƙulla magana a tsaye shi ne abin da Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama lokacin da ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

To, a bikin tunawa da shi da na halarta kwanan baya, a wani ɗakin taro da ba zan ambaci sunansa ba, ga abin da na gani. An rubuta ƙarfe huɗu a katin gayyata, ba a fara ba sai bayan Isha'i, ana jiran manyan baƙi. Da aka fara, jawabai suka cinye rabin dare. Sai wani matashi ya hau dandamali da babbar riga da hula, wani ya danna kwamfuta a gefe, muryar marigayin ta fito daga lasifika, shi kuma yaron yana motsa baki yana kaɗa hannu. Akwai kalangu biyu a wurin, amma an jingine su ne a matsayin ado. Masu liƙi suka yi masa caa, har ba a ganinsa. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya ce daga wajen Musawa ya taso, mahaifar Shata, ya tashi ya fita tun ba a kai tsakiya ba. Ban ga laifinsa ba. Faifan nan yana da shi a waya, ba sai ya biya kuɗin mota ba.

Ban zargi yaron ba. Abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan, kuma shi ya tarar ana yi a wuraren gala. Masu shiryawa nake magana da su, domin ɗauko makaɗa shida da 'yan amshi ya fi ɗauko kwamfuta tsada, sai suka zaɓi mai arha.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne na ga yadda wasu ke yi wa nasu. Na je Legas wajen 'yata da ke aure a can, mijinta ya kai ni Terra Kulture a unguwar Victoria Island, gidan wasan da Bolanle Austen-Peters ta kafa. Wasan da muka kalla an shirya shi ne kan mawaƙin nan Fela Kuti, wanda ya rasu a 1997, da matan da suka yi rayuwa da shi a gidansa na Kalakuta. Akwai shigar da ban ji daɗin gani ba, kuma ba zan so a kawo mana irinta ba. Amma aiki kam an yi shi. An fara a kan lokaci. Masu busa da masu ganguna suna nan a zahiri, gumi na zuba. Wanda ya fito a matsayin Fela da muryarsa yake waƙa, kuma ba a jera waƙoƙin haka kawai ba, labari ne ake bayarwa: ga abin da ya same shi da sojoji, ga waƙar da ta fito daga wannan wahala. Yaran da ba a haife su ba lokacin da ya rasu sun fito suna tambayar iyayensu ko da gaske haka ta faru. Tun kafin wannan, a 2009, an kai rayuwarsa dandamalin Broadway a birnin New York na Amurka, kuma iyalansa suna yi masa biki duk watan Oktoba a Ikeja. Ina zaune a kujerar nan ina ta tunanin namu.

Domin mu ba labari muka rasa ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya tashi ba uwa ba uba, ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa ɗan karen mota da lebura da matar aure waƙa, har duniya ta san shi. Wane marubuci ne zai ce babu wasa a cikin wannan? Ga Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa da ƙwaryarta, wadda ta kwashe shekaru tana gaya wa mata su kama sana'a, ta rasu a 2013. Wasan da za a yi a kanta mata zalla za su iya shirya shi, su kalle shi a tsakaninsu, kamar yadda amada take tun asali, babu mai cewa an keta mutunci. Ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun da kotsonsa da salon amshinsa mai hawa-hawa, wanda in ba a koya wa yara shi baki da baki ba, faifai ba zai koyar da shi ba. Shi kansa Shata, daga yaro mai tallar alewa da goro a kasuwannin ƙauye zuwa ranar da aka kai shi makwanci a Daura a watan Yunin 1999, tafiya ce da za ta cika dare guda ba a gaji ba.

Kada kuma wani ya ce haɗa wasa da waƙa baƙon abu ne gare mu. Duk wanda ya yi tashe a watan azumi ya san an sa kaya, an kwaikwayi wani, an yi waƙa da amshi. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar waƙoƙin manyan makaɗa suna juya su zuwa zancen tuwo da miya, kuma da bakinsu suke yi. Su Ƙasimu Yero da Samanja sun daɗe suna wasan kwaikwayo a talabijin. A nan Samaru akwai gidan wasan jami'a da aka gina da jar ƙasa tun tsakiyar shekarun 1970, ɗalibai na nan suna koyon wannan fanni. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun sa wa gasar kiɗa ta ƙasarsu sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Kayan aikin duk suna nan, haɗa su ne ba a yi ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutanen da suka yi wa waɗannan bayin Allah kiɗa da amshi. Waɗanda suka rage tsufa ya kama su, wasu ko kuɗin magani yana gagararsu. Su ne suka san inda ake shiga da inda ake fita a kowace waƙa. In za a yi biki, su ya kamata a fara nema, a biya su haƙƙinsu kafin a biya mai kawo kujeru, a zaunar da matasa gabansu na wasu makonni su koya. 'Ya'yan makaɗan da suka gaji iyayensu a ba su dandamali da makaɗansu cikakku, a kuma nemi izinin iyalai a ba su kasonsu, tunda gadonsu ne ake cin kasuwa da shi. Liƙi kuwa ban ce a hana ba, al'adarmu ce, amma a ajiye tire a gefe ko a ware masa lokaci bayan an gama waƙa, don wanda ya biya tikiti ya ga abin da ya zo gani. Babban baƙo in ya makara, ya tarar an fara.

Kai ma, Malam Edita, ina da roƙo gare ka. Ka tura wakilanka Funtuwa da Maradun da Jos su nemo waɗannan tsofaffin makaɗa da 'yan amshi, a ji ta bakinsu, a buga hotunansu tun suna raye. Sannan duk mai kawo maka tallar bikin tunawa da wani makaɗi, ka tambaye shi: kiɗan da hannu za a yi shi ko da kwamfuta? A rubuta amsar a jikin tallar, don mu san abin da za mu tarar kafin mu bar gida.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya