Gigin Tsufa Ciwo Ne, Mu Kai Iyayenmu Asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin jama'ar Sakkwato a kan ciwon mantuwa, wanda muke kira gigin tsufa, ciwon da yake cin tsofaffi a cikin gidajenmu alhali yawancinmu mun ɗauka tsufa ne kawai, ba abin kai wa likita ba.

Kowa yakan manta inda ya ajiye makulli, daga baya ya tuna. Abin da nake magana a kai ya wuce nan. Dattijo ne da ya ƙare rayuwarsa yana sallah a masallacin unguwarsu zai fito bayan la'asar ya kasa gane ƙofar gidansa. Tsohuwa ce za ta ci tuwo, kafin a ɗauke kwano ta ce tun safe ba a ba ta komai ba, ko ta ƙulle kuɗinta a bakin zane ta manta, ta ce matar ɗanta ce ta sace. Amma da za a tambaye ta labarin aurenta, sai ta kawo shi tiryan-tiryan, domin ciwon yakan fara shafe abin da ya faru kwanan nan kafin ya taɓa na da can. Wannan ne yake sa mutanen gida su zaci da gangan take yi, kuma aure nawa ne ya shiga garari a kan irin wannan zargi!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne suke fama da ciwon, sama da kashi 60 cikin ɗari kuma suna ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki, irin tamu. Mafi yawansu cutar Alzheimer ce, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, kuma har yau ba a samu maganin da yake warkar da ita ba, sai dai mai rage alamomi ko ɗan jinkirta tsanantarta. Akwai kuma nau'in da yake zuwa idan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suka lalace sakamakon hawan jini, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki. A ganina wannan ne ya fi cancantar mu tsaya a kansa, domin mutum yakan shekara da shekaru da hawan jini bai taɓa aunawa ba, wanda ya auna kuma yakan ajiye magani da zarar ya ji ciwon kai ya lafa.

Babban dalilin zuwa asibiti shi ne ba kowace ruɗewa ce ba ta da magani. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, da wasu magunguna da ake sha barkatai duk suna iya kawo mantuwa, kuma ana samun sauƙi idan an gano su. Tsohon da ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma wannan na gaggawa ne. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, amma kunyar kada a ce an kai uban wane Kware tana sa a rufe shi a ɗaki, a ce sammu ne ko iska, wani lokaci ma a jefi tsohuwa da maita. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, inda aka ce akwai wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Addu'a tana da muhallinta, neman magani ma haka.

Ga masu jinya, musu da mai wannan ciwo ba ya ƙara masa komai sai firgita, gara a lallaɓa shi a kawar da zancen. A sa takarda mai lambar waya a aljihunsa, a sanar da maƙwabta da limamin unguwa, domin tsoho ya ɓace a zafin ranar watan Afrilu na Sakkwato ba ƙaramin haɗari ba ne. Kada kuma a bar wahalar ga mace ɗaya a gida. 'Ya'ya maza su riƙa karɓar kwana.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa gane alamomin ciwon, gidajen rediyonmu kuma su gayyato likitoci a ranar 21 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe domin wannan cuta, malamanmu su ma su taɓo batun a huɗubar Juma'a.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga unguwar Mabera, Sakkwato.