Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin New York: A Buɗe Mana Laburare Ranar Lahadi

Bronx, Afrilu 2024

Mai girma Magajin Gari Eric Adams,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Mun yi azumi mun yi sallah lafiya, bana har da kiran sallar magariba da lasifika a fili, wanda gwamnatinka ta sahale tun Agustan bara. Wannan kam mun gode. Abin da ya kawo ni yau daban ne: ƙofar laburare da aka rufe mana ranar Lahadi tun ƙarshen Nuwamba, kuma ga shi har damuna ta kusa ba a buɗe ba.

Ka fi ni sanin yadda aka yi. Kai ka ba da umarnin a zaftare kashi 5 cikin 100 daga kasafin ma'aikatun birni, laburare na ciki. Hukumomin laburare uku na birnin nan, na New York da na Brooklyn da na Queens, suka fito suka ce da wannan kuɗin ba za su iya buɗewa ranar Lahadi ba, kuma dole su rage sayen littattafai da shirye-shiryen jama'a da gyaran gine-gine. A nan Bronx, mutum fiye da miliyan ɗaya, dama can rassa ƙalilan ne ke buɗewa ranar Lahadi: babban laburaren Bronx da ke titin Kingsbridge, da na Grand Concourse, da na Parkchester. Su ɗin ma an sa musu kwaɗo. Yanzu kuma kasafin shekarar da za ta fara ranar 1 ga Yuli ya zo da giɓin dala miliyan 58.3, shugabannin laburare kuma sun shaida wa majalisar birni cewa in hakan ta tabbata, rassa da dama za su koma buɗewa kwana biyar a mako. Wato bayan Lahadi, Asabar ma na kan hanya.

Ni Bahaushiya ce, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, maigidana kuma yana tuƙin tasi. Tsakiyar mako ba namu ba ne. Asabar yara na Islamiyya. Lahadi da rana ita ce kaɗai lokacin da uwa irina za ta riƙe hannun ɗanta su shiga ɗakin karatu tare. Haka abin yake ga maƙwabtana 'yan Jamhuriyar Dominika da 'yan Puerto Rico da 'yan Meksiko da 'yan Honduras, masu aikin gidan abinci, masu shara a ofisoshi da dare, masu gini, masu kitso da aski. Wanda ya zauna ya zaɓi Lahadi a matsayin ranar da za a yanke, ya zaɓi ranar talaka.

Wani zai ce me ya haɗa Bahaushiya da littattafan Sifaniyanci har take ɗaga murya a kansu. To fiye da rabin mutanen Bronx 'yan Latino ne, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka. Su ne abokan 'ya'yana a aji, su ne masu kantin bakin layi, su ne mai gyaran famfon gininmu. Da farko gaisuwar hanya kawai ke tsakaninmu, kowa na ɗari-ɗari da kowa, mu muna ganin kiɗansu ya yi yawa, su suna kallon hijabinmu. A ɗakin yara na laburaren unguwarmu aka fara zama tabarma ɗaya. Akwai kanta guda a can ta littattafai masu harshe biyu, shafin hagu Sifaniyanci, na dama Turanci. Wata dattijuwa 'yar Dominika da ke hawa na uku a gininmu, wadda duk yaran ginin ke kira abuela, wato kaka da Sifaniyanci, takan zo da jikokinta ranar Lahadi bayan coci. Ba ta iya Turanci ba, ni ma lokacin nawa bai taka kara ya karya ba. Sai ta ɗauki shafin hagu tana karantawa da ƙarfi, tana canza murya, tana buga cinya, 'yata ta ɗauki shafin dama tana bin ta da yatsa. Labarin wata kyankyaso ce da ta yi kwalliya ta zauna a baranda, dabbobi na zuwa neman aurenta ɗaya bayan ɗaya, tana sa kowa ya yi kukansa ta ji, har ta zaɓi ɓera. Yara suka yi ta dariya, sannan suka juyo kaina suka ce saura ni. Na ce ga ta nan ga ta nanku, 'ya'yana suka amsa ta zo mu ji ta, jikokin abuela suka maimaita yadda bakinsu ya iya, na ba su Gizo da Ƙoƙi. Tun daga nan in na makara a wurin aiki ita ke ɗauko mini yara daga makaranta, in takarda ta zo mata daga asibiti 'yata ke karanta mata.

Wannan labarin kyankyaso da ɓera ba daga sama ya faɗo kan kanta ba, kuma ya kamata magajin garin New York ya san tarihinsa. Pura Belpré ce ta rubuta shi, aka buga a 1932. 'Yar Puerto Rico ce, baƙar fata, ta fara aiki a reshen titi na 135 a Harlem a 1921, ita ce 'yar Puerto Rico ta farko da laburaren New York ya ɗauka aiki. Ta duba kantoci ba ta ga tatsuniyoyin da kakarta ta ba ta ba, sai ta fara bayar da su da baki, da Sifaniyanci da Turanci, tana haɗawa da 'yan tsana da ta ɗinka da hannunta. Ta riƙa bi unguwa-unguwa tana gayyato iyayen da suka ɗauka laburare na masu jin Turanci ne kaɗai. Da girma ya zo ma ba ta zauna ba, ta yi aiki da yaran kudancin Bronx. Tun 1996 ake ba da lambar yabo da sunanta ga marubuta da masu zane 'yan Latino da ke yi wa yara littattafai, a faɗin Amurka. A wannan reshe na titi na 135 ne kuma aka ajiye tarin littattafai da takardun Arturo Schomburg a 1926, shi ma ɗan Puerto Rico, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara tarihin baƙar fata na duniya. Cibiyar da ke ɗauke da sunansa tana nan a Harlem har gobe. Abin da waɗannan mutane suka dasa a birninka ne wasu biranen suka kwaikwaya. Shi ya sa abin ke min ciwo, a ce a garin Pura Belpré ne uwa za ta zo da ɗanta ranar hutunta ta tarar da ƙofa a kulle.

Ni kuma ina da wani dalili na kaina, ba zan ɓoye ba. Har yanzu ba mu kai ga ganin littattafan Hausa ko na Fulatanci ko na Soninke jere a kanta kamar na Sifaniyanci ba. Amma hanyar da za mu bi mu kai can, 'yan Latino ne suka share ta cikin shekara ɗari, da naci da haƙuri. In yau aka rage musu, mu da muke bayansu a layi ba mu da ranar samu.

Ranar 30 ga wannan watan ake bikin da suke kira Día, ranar yara da ranar littattafai. Asalinsa ranar yara ce ta Meksiko, marubuciya Pat Mora ta haɗa ta da karatu, aka fara yi a Amurka a 1997, yanzu laburare a jihohi da yawa na yin sa da karatun labarai da waƙoƙi da rabon littattafai. Bana ranar ta faɗo Talata. Talata da rana ina gidan wata tsohuwa ina ba ta magani, abuela na rainon jariri, maigidana na kan titi. Inda Lahadi na nan, da a ƙarshen mako iyaye irinmu za su samu rabonsu. Ma'aikatan laburare ba su da laifi, mun ga yadda suke ta ƙoƙari da ɗan abin da ya rage a hannunsu, mutum ɗaya na riƙe da teburin karɓar baƙi yana kuma leƙa ɗakin yara.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dalilin da ka bayar. Ka ce kuɗin da ake kashewa kan baƙin da ke shigowa neman mafaka ne ya jawo. A Satumban bara ka tsaya gaban jama'a ka ce wannan matsala za ta rusa birnin New York. A Oktoba ka tafi Meksiko da Ekwado da Kolombiya kana gaya wa mutane kada su zo. Ba na musun cewa nauyin ya yi yawa, ko cewa gwamnatin tarayya ta bar ku da kaya. Amma rufe laburare saboda baƙi, an bar jaki ne ana dukan taiki. Waɗannan baƙin, 'yan Benezuwela da Ekwado, da 'yan uwanmu na Senegal da Gini da Muritaniya da suka biyo ta Nikaragwa, ina suke koyon Turanci kyauta? Ina suke samun kwamfuta da intanet su cike takardun neman aiki? Ina yaransu ke samun wuri mai ɗumi da tebur, alhali ɗaki ɗaya iyali duka ke kwana a masauki? Hanya mafi sauri da baƙo zai tashi daga wuyan gwamnati ya tsaya da ƙafarsa ta cikin laburare ta bi. Sannan ka duba abin da maganar ta haifar a unguwa. Wanda ya shekara talatin a Bronx yana jin an ce saboda wanda ya zo jiya aka rufe masa ɗakin karatu. Ka haɗa talaka da talaka faɗa a kan abin da ba su suka yanke ba. Duk kuɗin da birni ke ba laburare fiye da 200 bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na kasafin da ya haura dala biliyan 100 ba. Ba a nan giɓin yake ba, kai ma ka sani.

Ina tuna maka da bakinka. Kai ne ka sha gaya mana cewa ka taso da lalurar disleksiya, haruffa na rikice maka, kana fargabar malami ya ce ka tashi ka karanta, ba a gano ba sai da ka shiga kwaleji. Da na ji haka na ce to, wannan ya san zafin abin. A Mayun 2023 ka ƙaddamar da shirin NYC Reads, ka ce yaran birnin nan za su iya karatu. Malamai na iya koya wa yaro haɗa baƙi da wasali a aji, amma son karatu a gida da laburare ake samunsa, a cinyar wanda yaro ya yarda da shi, da harshen da aka yi masa reno. Yaron da kakarsa ba ta jin Turanci, littafin Sifaniyanci ne kaɗai zai sa ta zama malamarsa. Don Allah, ranka ya daɗe, ka tuna da yaron nan da ke zama a bayan aji a Queens yana addu'ar kada a kira sunansa. Irinsa suna nan da yawa a Bronx, wasu sunansu José, wasu Mamadu.

Daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba za a sake yin watan girmama al'adun 'yan Latino, kamar yadda dokar 1988 ta tanada. Za ka ɗaga tutoci a dandalin Bowling Green, za a yi liyafa a Gracie Mansion, gidan magajin gari, za ka yabi gudummawarsu. Ba na raina wannan, mutane na jin daɗin ganin tutarsu a sama. Amma yini ɗaya ake yi a sauke tuta, littafin da ba a sayo ba kuma shekara guda yaro zai yi bai gan shi ba. In girmamawar da gaske ce, a gan ta a kasafin kuɗi.

Akwai sauran abubuwa, rufin da ke yoyo, na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa a tsakiyar zafi alhali laburare ne mafakar tsofaffi a irin wannan lokaci, jiran sabon littafi da ya ƙara tsawo. Na bar su ga waɗanda suka fi ni sanin lissafinsu.

Buƙatata ita ce ka mayar da dala miliyan 58.3 ɗin nan gaba ɗaya, a buɗe Lahadi, kada a taɓa Asabar. Kuma a sa kuɗin cikin tsayayyen kasafi, domin mun gaji da abin da ake yi kowace shekara, a yanke a farko, iyaye da yara su yi ta sa hannu a takarda suna roƙo, a mayar a ƙarshen Yuni a ce an yi nasara. Laburaren da bai san abin da zai samu baɗi ba, ba zai iya ɗaukar ma'aikaciya mai jin Sifaniyanci ya riƙe ta ba, balle ya yi tunanin mai jin Hausa ko Faransanci. Majalisar birni za ta zauna sauraron jama'a kan kasafin a watan Mayu. Mun riga mun yi magana a masallatanmu, maƙwabtanmu sun yi a cocinsu, kuma ni na nemi a canza min ranar aiki domin in je.

Taka,
Wata uwa daga Bronx